Kunyar Ɗan Fari

Daren Talata, tsakiyar damina

Yau ni kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a asibiti, masassara ta cika rumfa da yara. Na fara da wanda uwarsa ke kururuwa. Wata kuwa tana can gefe da goyonta a lulluɓe, ko tari ba ta yi ba. Sai la'asar na yaye zanen: tafin hannunsa fari fat, numfashi sama-sama.

Na ce, "Baiwar Allah, don me kika yi shiru?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan fari ne. Yaya zan yi masa kuka gaban uwar mijina?"

Jini yake buƙata, ba mu da shi. An ɗora su a babur zuwa babban asibitin Gazawa cikin ruwa. Har yanzu ba labari.

Gobe da masu shiru zan fara. Shi fa, ya Allah, zai kai goben?