Makullin Ɗakin Inna da Birkin Kekenka

Zuwa ga ƙanina Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Yaya aiki, yaya kuma sanyin da kake ta yi mana ƙorafinsa? Allah ya tsare ku, ya sa albarka a abin da ya kai ka. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Maigidana yana fama da tafiye-tafiyen aikinsa, ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi har ta koma yi wa mutane faɗa, Baba kuma yana shan maganinsa idan an tsaya a kansa. Na zaɓi rubutu maimakon waya ne domin na san halina, in na fara wannan labari da baki, dariya da kuka ba za su bar ni in kai ƙarshe ba.

Ka san tun rasuwar Inna Baba ya kulle ɗakinta, ya jefa makullin a aljihun gaban rigarsa. Ba ya shiga, ba ya bari a shiga, ko shara ya hana. Abin da ban gaya maka ba shi ne yadda ya rufe bakinsa shi ma. 'Yata Guguwa, wadda kai ka laƙaba mata sunan kuma ya bi ta, ita ce mai sa shi dariya a da, amma kekenka na hawan duwatsu ya shiga tsakaninsu. Tun da ta zaro shi daga bayan buhunan da ke ɗakin ajiya ta fara bin masu hawa tsauni, Baba ya daina tsokanarta. Ya ce ɗa ɗaya da ya dinga dawo masa gida da gwiwa a kwaile ya ishe shi. Da ta zo masa da maganar gasar da za ta shiga karo na farko, ya ce shi bai hana ba, bai kuma ce a je ba. Ita kuwa, da taurin kai irin naka, ta ce ba za ta hau ba sai yana wurin. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na ga kaka da jika suna neman zama baƙin juna a gida ɗaya.

Kafin ranar sai da na zama 'yar gida a shagon mai gyaran keke. Tayoyinka sun suɗe, ya ajiye mana iri biyu, siririya mai gudu da faffaɗa mai haƙora. Guguwa ta ɗauki mai gudu, ni na ɗauki mai haƙora, mai gyara ya ce hanyar tsakuwa ce da gangara, uwa ta fi gaskiya. Hular kwanonka kuwa da ta saka sai ta rufe mata har gira, Dogo, ashe kanka ya kai haka? Muka sayi daidai ita, da safar hannu da abin kare gwiwa, aka sauke sirdin ƙasa sosai. Ta so a canja mata feda zuwa irin wadda takalmi ke maƙalewa, na ce ban haifi 'yar da za a ɗaure wa ƙafa a kan dutse ba. Birkin kawai mai gyara ya yaba, wannan mai aiki da mai da faifai, ya ce kada kowa ya taɓa shi.

Sai maganar ɗaukar keken a mota. Maigidana ya so a ɗora ƙarfen ɗaukar kaya a saman mota, na tuna masa rufin garejinmu da irin mantuwata. Maƙwabcinmu ya ara mana ƙarfen da ake ratayawa a bayan but, muka gwada, keken ya rufe lamba da fitila, yana rawa kamar zai gudu. Ƙarshe muka bi shawarar da ka ba Guguwa a waya: a cire tayar gaba, a kwantar da rabin kujerar baya, a zura shi ciki. Ya shiga tsaf, kan keken ya leƙo daidai inda mutum ɗaya zai zauna a baya. Da safen ranar muna lodi sai ga Baba ya fito da hula da sanda, bai kalli kowa ba, ya ce tunda an rasa mai hankali a tafiyar bari shi ya je. Gaba kuma ya ce ba zai zauna ba, wai ba ya son ganin abin da nake yi da sitiyari.

Ka san Baba da tuƙina. Hanyar tsaunin duk kwana ce da gangara, ni kuma ina jin wani ɗan ƙas-ƙas a bayana duk lokacin da na sha kwana, na ɗauka sarƙa ce ke bugun ƙarfe. Ashe Baba ne ya sami hannun birkin kekenka kusa da shi, ya riƙe gam, yana matsawa da salati duk sanda ya ga rami. Shi a ransa yana taya ni tsayar da mota ne.

Mun isa a makare, sauran masu keke duk sun haura wurin tashi, sai motoci a ƙasa da muryar mai sanarwa daga sama. Guguwa ta zo mayar da taya, taya ta ƙi shiga. Ta leƙa, ta ga takalman birkin sun haɗe baki, babu inda faifan zai wuce. A nan ta bayyana mana cewa irin wannan birki in aka matsa shi babu taya a ciki, rufewa yake yi. Kai kuma da ka iya ba da shawara daga nesa, ba ka ce mana ɗan roban nan rawaya da ke jakar kayan gyaranka shi ake cusawa a wurin ba, jakar ma a gida muka bar ta. Na gwada makullin mota, ya yi kauri. Ta gwada farce, ya karye. Sai Baba, cikin ƙaramar murya, ya ce shi ne ya matsa. Yarinyar nan ta dube shi kawai da ido cike da hawaye, na kuwa gane abin da ta zata, cewa da gangan ya yi don kada ta hau. Shi ma ya gane. Wallahi ban taɓa jin tausayinsu su biyun kamar lokacin ba.

Sai na ga ya sa hannu a aljihun gaba. Ya ciro makullin ɗakin Inna, wannan siririn da ya suɗe don tsufa, ya ba ni sandarsa, ya durƙusa a kan tsakuwa da gwiwoyin nan nasa. Ya ce Guguwa ta nuna masa wurin. Ya zura makullin tsakanin takalman birkin yana murɗawa a hankali, ita tana riƙe da keken tana cewa ya ƙara kaɗan, har suka buɗe. Taya ta shiga. Makullin kuwa ya fito a lanƙwashe, bakinsa ya tsage. Ya dube shi, ya mayar aljihu, ya ce mata me take jira, ko sai ya hau ya nuna mata yadda ake yi? Ta rungume shi har hularsa ta faɗi, ta haye, ta tafi.

Ba ta ci gasar ba, kusa da na ƙarshe ta zo, da laka har kunne da ƙujewa a gwiwar hannu. Amma da ta ɓullo daga gangarar ƙarshe, tsohon nan ya ɗaga sanda sama yana kiran sunanta, yana gaya wa mutanen da bai sani ba cewa jikarsa ce. A hanyar dawowa ya zauna gaba, ya tsokane ta tun daga can har gida, wai kunkuru ma ya wuce ta ya gaishe shi.

Washegari na same shi tsaye a ƙofar ɗakin Inna yana gwada makullin, ya ƙi shiga. Na ce a kai wa mai yankan makulli ko zai gyaru. Sai ya ce a kira kafinta ya cire kwaɗon gaba ɗaya. Mun shiga tare, Dogo. Gyalenta yana nan a kan ƙusa, tabaraunta a kan taga, ƙamshin turarenta bai gama fita ba. Mun yi kuka, mun yi mata addu'a, Guguwa ta share ɗakin ta buɗe tagogi. Da kafinta ya tambayi irin kwaɗon da za a saka, Baba ya ce a bar ƙofar haka. Yanzu a can yake shan hantsi, kekenka kuma a jingine a bango kusa da gadon Inna, domin ya ce ita ce ta dinga wanke maka ciwo a ɓoye, ta fi kowa sanin keken nan.

Ka gaishe da matarka da kyau, ka shafa mini kan Ƙaramin Dogo da 'yar autarku. Gwaggo tana gaishe ku, maigidana ma haka, Guguwa ta ce ka aiko mata da safar hannu mai kauri. Baba ya ce in gaya maka ɗan roban nan rawaya yanzu yana aljihunsa na gaba, shi ne mai saka shi duk ranar tafiya. Ya kuma ce in ka tashi zuwa kada ka nemi masauki, ɗakin Inna a buɗe yake.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka, Maman Guguwa