A Ba Mu Izini Tun Baba Ila Yana Gani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Gandun Daji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni malami ne a Jarwal, nan Makka. Duk Asabar ina koya wa matasa goma sha ɗaya Hausa. Nan aka haife su, Larabci ya fi zama a bakinsu.

A unguwarmu akwai wani dattijo, Baba Ila, wanda ya zo Hajji daga ƙasar Sakkwato yana saurayi, bai koma ba. Shi ya gaya wa ɗalibaina cewa itacen da suke kira sidir, magarya ce. Suka ce su garin ganyenta kawai suka sani, a leda. Tun ranar yake roƙona mu fita daji ya nuna musu magarya da aduwa da bagaruwa a tsaye, kamar yadda mahaifinsa ya nuna masa. Idonsa ɗaya ya tafi, ɗayan kuma dishi-dishi yake gani.

Ranka ya daɗe, ga abin da na tarar:

1. Sau uku ina zuwa ofishinku cikin wata biyu, kullum a ce in nemi izinin shiga dajin ta manhajar waya.

2. Manhajar zaɓi biyu gare ta: iyali, ko kamfanin yawon buɗe ido. Mu ba ko ɗaya ba ne.

3. Wani ma'aikaci mai kirki ya ce in kawo wasiƙar makaranta mai hatimi. Ajinmu falon gidana ne. Allo gare mu da tabarma, ba mu da hatimi.

4. Har yau ba wanda ya faɗa mini wane kwari ne a dajin aka buɗe wa masu ziyara, ko ranar da za a rufe shi.

An ba ni shawara in rubuta cewa ɗaliban duk 'ya'yana ne. Na ƙi. Da wane baki zan koya musu gaskiya ranar Asabar?

Roƙona, a nuna mana ƙofar da irinmu za su bi, a rubuce, kafin zafi ya dawo. Ko da yini ɗaya ne, mun gode. Za mu bi jagoranku, ba za mu karya ko reshe ba. Baɗi itatuwan suna nan, amma mai nuna su sai dai ya lalluba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka, ya bar maka hasken idanunka har tsufa.

Wassalam.

Malam Sani, Jarwal.