Gwangwanin da Ba a Buɗe Ba

Tandabawi, Makka, Rajab 1388.

Ni Mahmudu Idris na rubuta wannan da hannuna, hankalina daidai. Na faɗi haka da gangan, domin tun shekarar da kawunku Mukhtaru ya hau soron gidan nan da dattawan unguwa ake cewa kaina ya taɓu. Bai taɓu ba. Ƙirji ne ya ci ni, kuma na san ba zan ga wani aikin Hajji ba. Isa, Sa'adiya, Zali, ku karanta ku aikata.

Na ɗaya. Dukkan, wato kantina na unguwar Zahir, na Isa ne, amma ya ciyar da ƙannensa daga ciki. Keken ɗinkin mahaifiyarku Rumasa'u na Sa'adiya ne. Littattafaina na Turanci ku ba wanda ya ga dama. Na yi karatu a Katsina, na ƙara a Umdurman, ƙarshen ilimin shi ne jan alhazai zuwa ofishin muɗawwif, mai kula da hidimarsu, ina yi musu tafinta.

Na biyu, kuma dominsa na ɗauki alƙalami. A ƙasan akwatina akwai gwangwanin fim liƙe da baƙin ƙyalle. Kada a buɗe shi. Kada a jefar da shi don a faranta wa kowa rai.

Zali, kina goye lokacin, don haka bari ki ji daga bakina. Mai gwangwanin sunansa Pyo Dal-su, mutumin Koriya. Ya musulunta a hannun sojojin Turkiyya lokacin yaƙin ƙasarsu, aka sa masa Abdulhadi. Mutanen unguwa suna ce masa Bajawe, wai mutumin Jawa ne, ya gaji da gyara musu ya bari. Ya zo aikin Hajji, aka haɗa ni da shi saboda Turanci. Mai shirya fim ne. Ya ce ya yi guda uku, babu wanda ya cika ko rabin ɗakin kallo. Na farko kan tsohuwa mai jiran jirgin ruwa, na biyu kan makaranta da aka kwashe wa rufi, na uku ya ce ko shi bai san kan mene ne ba. A kowanne yakan fito sau ɗaya, ya juya baya, yana wani ƙaramin aiki: shara, ɗiban ruwa, ɗaure kaya. Da na tambaye shi dalili, ya ce wanda ya sa mutane gaban na'ura ya kamata shi ma ya tsaya a wurin, amma fuskarsa ba ta da labari.

Cincirindon alhazai bai dame shi ba. Matan unguwarmu ya ɗauka, suna sheƙar alkamar da ake sayar wa masu ciyar da tantabarun Harami. Mahaifiyarku na cikinsu, da izinina, da yardarta, tana dariya har tana rufe baki da faifai. Bayan alhazai sun watse muka koma Muzdalifa, fili fayau sai takalma warin-wari. Nan ya miƙo mini na'urar, ya nuna mini inda zan danna, ya shiga yana tsintar takalman. Ni na ɗauke shi. Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba.

Ya ji tsoron kwastan a Jidda, ya bar mini gwangwani biyu, kowanne da alamarsa, kafin ya aiko a karɓa. Ya gargaɗe ni cewa ba a wanke fim ɗin ba, haske kaɗan ya taɓa shi ya mutu. Bai aiko ba. Daga baya wani alhajin ƙasarsu ya gaya mini ya rasu.

Na uku. Batun Mukhtaru. Bayan rasuwar mahaifiyarku ya ji cewa hoton ƙanwarsa na cikin gwangwani za a kai wa baƙi su kalla. Bai tambaye ni ba. Ina kasuwa ya zo da dattawa, suka hau soro da tsakar rana domin su ga abin da kyau, suka ɓalle gwangwani ɗaya, suka warware shi suna ɗaga wa rana. Ba su ga komai ba, don babu abin da ido zai gani kafin a wanke. Sai suka yanke cewa Bajawe ya yaudare ni, ni kuma na zauce. Har yau Mukhtaru bai yarda ya ɓata wani abu ba. Kada ya yi mini wanka. Kada ya shiga gaba a sallata. Idan ya zo gaisuwa ku ba shi shayi, wannan haƙƙin baƙo ne.

Na huɗu. Isa, na san kana son Aishatu 'yarsa, kuma na san sharaɗin da ya kafa maka: a fitar da gwangwanin a ƙone. Ka aure ta, yarinyar ba ta hau soro ba. Amma ka gaya masa na hana ƙonawa ina raye, na hana ina kabari. Idan ya janye 'yarsa saboda haka, shi ya raba, ba ni ba.

Na biyar. Duk wanda Allah ya fara kai wa Alƙahira cikinku ya tafi da shi inda ake wanke fim. Ku kalle shi ku uku tare. Aikin ƙarshe ne na mutumin da ya ɗauke ni mai ilimi a garin da ake kirana Takari mai tafinta.

Rigimar tawa ce, ku bar ta ta shiga rami tare da ni. Ku riƙa zuwa gidajen 'ya'yan kawunku, ku yi wa 'ya'yanku Hausa ko da za su amsa da Larabci, kada ku bari a raba ku kan dukkan ko kan gwangwani. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya sada mu da mahaifiyarku.

Zali, kin sha tambayata ko za ki ga fuskarta ranar da aka wanke shi. Ba za ki gani ba. Wanda ya rage na Muzdalifa ne, ba komai ciki sai bayan Abdulhadi da takalma. Mahaifiyarki tana cikin wanda suka buɗe.