Rabin Ƙwayar Baba

Ƙofar Kaura,
Katsina.

Zuwa ga Yayana Abbas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Jamila da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna Kulu ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da mai kayan miya. Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Maganar Baba ce. Ka tuna ranar da hannunsa ya saki, harshensa ya yi nauyi, daga baya abin ya wuce. Likita ta ce gargaɗi ne, kitsen jininsa ya yi yawa. Ta ce ba daga tukunya kaɗai yake zuwa ba, hanta ma tana yin nata, kuma shi ke liƙewa cikin jijiyoyi a hankali kamar yadda bututun famfo ke toshewa, har wata rana jini ya kasa isa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Ƙwayar da ta rubuta tana rage wa hanta wannan aikin, sai hantar ta koma tana tsame na cikin jini. Guda ɗaya ce kullum ba fashi, ko da yana jin kansa garau, don wannan kitse ba ya ciwo. In kuma ya ji ciwon tsoka mai tsanani, ko fitsari ya yi duhu, mu koma da wuri.

Ni da kaina nake miƙa masa bayan Magariba, ya jefa a aljihu ya fita zaure. Inna ta rage man shanu, Baba yana ta mita wai an mai da tuwonsa maraya. Amma da muka koma gwajin jini, kitsen bai sauka yadda ake so ba, har likita ta fara zancen ƙara ƙarfin magani. Wallahi Yaya na ji tsoro, don na tuna yadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Kawu Ɗanliti har ya rasu.

Ran nan na kai musu shayi zaure, Baba da amininsa Malam Sammani. Ina shiga na ga Baba ya sa farce ya ɓalla ƙwayar biyu, ya miƙa wa Malam rabi, suka kora da ruwa a kofi ɗaya. Ashe haka suke yi tun ranar farko. Na yi ta maza har Malam ya tafi, sannan na tambayi Baba dalili, ina shirin yi masa faɗa. Sai ya ce, "Ke ɗiyar nan, tun muna yara ban taɓa kai abu bakina Sammani na kallo ba. An ce wanga abu na tsare mutum daga hwaɗuwa. Ni in tsira, shi in bar shi?" Na fasa faɗan, hawaye kawai na ji.

Da na gaya wa likita, ta yi dariya, sannan ta ɗaure fuska. Ta ce rabi ba shi ne abin da jikinsa ke buƙata ba, kuma ba a shan wannan magani sai an yi gwaji, musamman kada mai ciki ta taɓa shi. Baba ya kafe sai an gwada Sammani tukuna. Aka gwada, jininsa ya fito tas, mutumin da har yau a keke yake zuwa gonarsa a Batagarawa. Da Malam ya gane cewa kariyar abokinsa ce yake ta haɗiye rabinta, sai ya ce ba zai ƙara karɓa ba.

Yanzu kullum da goronsa yake zuwa, ya riƙe a hannu ya ƙi ɓarawa. Sai ya ce, "Haɗiye naka duka, Alhaji, sannan in raba namu." Baba ya haɗiye yana harararsa. Gwajin makon jiya ya nuna kitsen ya sauka, ba a kuma ƙara masa komai ba. Alhamdulillahi.

Saura kai. Likita ta ce abin na gado ne, yana bin jini, kuma na san ka da tsire. Don Allah ka je a gwada ka, ko da ba ka jin komai. Ba na son wata rana Jamila ta kira ni tana kuka.

Ka gaishe min da Jamila, da Ashraf, da 'yar lelena Rashida. Inna da Malam Sammani suna gaishe ku. Baba kuwa ya ce in faɗa maka, duk abin da ka samu kana aiko masa da rabi, ya gode, Allah ya yi maka albarka. Amma in an rubuta maka ƙwayar nan, ka shanye abarka duka, wannan karon ba ya so.

Ƙanwarka mai kewarka,
Ramla