Wutar da Aka Ce In Roƙa

Litinin, 3 ga Safar
Da sunan Allah Mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Turakun lantarkin da aka kafa mana tun bara suna nan tsaye babu waya, sun zama wurin ɗaure awaki. Yau mai gari ya same ni ya ce, "Allah gafarta Malam, ranar Juma'a a roƙa mana wuta." Na ce masa tun ina yaro nake neman tsari daga wuta bayan kowace salla, ba zan ɗaga hannu a gaban jama'a in roƙe ta ba. Lantarki kuwa kalmar baƙi ce, ba ta dace da addu'a ba. Haske zan roƙa.

Juma'a, 7 ga Safar
Na roƙi haske. Amin ɗin ya fito a raunane.

Talata, 11 ga Safar
Allurar ciwon sukarin mai ɗakina ta sake lalacewa. A gindin randa muke ajiye ta, amma zafin bana ya fi ƙarfin randa. Malamin asibiti ya ɗaga kwalbar ya ce sai firji. Ta ce, "Malam, haske ai ya yi mana yawa. Sanyi nake nema, kuma daga wuta yake fitowa." Na ce wane irin zamani ne wannan, sanyi daga wuta? Ta ce, "Kai da ka karantar da ni ƙissar Annabi Ibrahim?"

Asabar, 15 ga Safar
Mun je ofishin masu aikin lantarkin, aka ce ni ne babba, in yi magana. Na ce ƙauyenmu na bukatar haske. Jami'in ya yi murna ƙwarai, ya ce wannan mai sauƙi ne. Saurin amincewarsa bai kwanta mini ba.

Laraba, 26 ga Safar
Mota ta kawo fitilun sola, kowane gida ɗaya, ta juya. An ce an biya mana bukata. Mai gari ya miƙo mini tawa ya ce, "Addu'ar Malam ba ta faɗuwa ƙasa." Har matasa suna ƙunshe dariya. Allah Ya ba mu haƙuri da mutane.

Alhamis, 27 ga Safar
A zaune mai ɗakina ta yi sallar La'asar. Fitilar na kusa da ita, tana cika ciki da rana.

Juma'a, 28 ga Safar
Ban shirya faɗin kalmar wuta ba, a tsakiyar addu'a ta fito. Na dai bayyana cewa ta duniya nake nufi, mai bin waya, kuma Allah masanin niyya ne. Amin ɗin sai da ya tashi tsuntsayen da ke kan rufin masallaci. Hukuncina bai canza ba, lalura ce kawai. Gobe zan koma ofis ni kaɗai.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya kawo mana wannan, Ya tsare mu da duk wanda ya karanta daga waccan.