A Dawo Wa Inna Da Kaset Ɗin Malam Ilu

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Gidan Fim na Tsamiya Uku, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata baki ɗaya. Allah Ya jiƙan mahaifinka da ya kafa wannan gida, Ya kai haske kabarinsa. Sunana Asma'u, 'yar marigayi Malam Ilu mai gyaran agogo. Aikin jinya nake yi, ina zaune a Alexandria, kusa da Washington, da maigidana da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ba ka san fuskata ba, ranka ya daɗe, amma ka san lambar wayata, don ka sha ganin ta kana bari ta yi ƙara har ta tsinke. Wasiƙa biyu na aiko maka a rufe. Na tura ƙanen mijina har ofis, aka ba shi ruwan sanyi aka ce ka fita, alhali motarka tana ƙofa. Shi ya sa yau na rubuta a buɗe, kowa ya karanta.

Na ɗaya: abin da ke cikin kaset ɗin.

Ina 'yar sakandare mahaifinka ya zo rumfar babanmu a bakin kasuwa da ma'aikatansa, suna ɗaukar wani fim. Aron rumfar kawai suka zo yi. Ɗan wasan da zai fito a mai gyaran agogo bai zo ba, rana tana ta yi, sai mahaifinka ya ce wa Malam ya zauna a kujerarsa ya yi abin da ya saba. Ya kuwa zauna. Minti bakwai ne: ya buɗe bayan agogo, ya maƙala gilashinsa a ido, ya yi wa jarumin tsiya a kan ya sayo agogon banza, sannan ya yi dariyar nan tasa da take ƙarewa da tari. Da aka gama haɗa fim, mahaifinka da ƙafarsa ya kawo masa cikakken kaset, ya rubuta sunansa a jiki da biro. Wanda aka kai kasuwa kuwa an datse wajen, wai fim ya yi tsawo. Don haka kada wani ya ce mini in je in sayi wani. Na sa an bincika, duk wanda aka samo babu Malam a ciki. Hotunansa biyu gare mu, na fasfon aikin hajji da na ranar aurena, kuma a duka biyun bakinsa a rufe yake. Muryarsa ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan kaset.

Bayan rasuwarsa na ɗauko Inna ta dawo wurina, kaset ɗin yana naɗe cikin zannuwanta. Bidiyon ƙasar nan ba ya cin kaset ɗin gida, sai dai ka ga layi-layi, sai da na sha yawo kafin na samo mai cin kowane iri a shagon wani Ba'indiye. Daga baya Inna ta sami shanyewar ɓarin jiki, mantuwa ta biyo baya. Takan manta ta ci abinci, takan manta ƙasar da take, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Amma kullum bayan la'asar sai an sa mata Malam. Idan ya fara tsiyarsa sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ce masa ya ƙyale ɗan mutane haka, yadda take ce masa a gida. Daga nan ta ci tuwonta, ta sha maganinta ba gardama.

Na biyu: yadda kaset ya bar gidana.

Shekara uku ke nan, bayan ƙaramar sallah, wakilinku Malam Habu ya zo ƙasar nan. Ya sauka a Takoma Park, gidan Kawu Sani, dattijon da duk Bahaushen wannan yanki yake durƙusawa ya gaisar. Kawu Sani ne ya kawo shi gaida Inna. Na tuƙa musu tuwo, miyar kuka da man shanun da nake ɓoyo, Malam Habu ya ci ya ƙara. La'asar ta yi, na sa wa Inna kaset kamar kullum, sai baƙo ya miƙe tsaye yana salati. Ya ce ai wannan fim uwar kaset ɗinsa, wadda kuke kira masta, ta daɗe da tafiya, don a zamanin da sabon kaset yake wahalar samu an ɗauki wani fim a kanta. Ya ce kuna gab da ba wani kamfani lasisin fitar da tsofaffin fina-finanku a faifan DVD, kuma wannan ne kaɗai cikakken da ya rage. Ya ce aro ne na wata uku, kafin alhazai su dawo kaset yana hannunmu, har da faifai sabo da sunan Malam a bango.

Ban ƙi ba. Abu ɗaya na roƙa, a ba ni yini ɗaya in kai shagon da ke juya kaset zuwa faifai, a yi mana kwafi mu riƙe. Nan Malam Habu ya gyara zama ya yi mini wa'azi. Ya ce masu karɓar lasisi ba sa sa hannu idan akwai kwafi a waje. Ya ce satar fasaha ce ta kashe mahaifinka da baƙin ciki, kuma daga irin wannan kwafi ɗaya take farawa. Ya rantse da Allah a kan amana, a gaban Kawu Sani, hannunsa yana ƙamshin miyata. Inna ta ji an ambaci mahaifinka, ta tuna abokin mijinta ne, ta ce in bayar. Ita ta naɗe shi da ɗankwalinta.

Zan faɗi laifina kafin wani ya faɗa mini. Ni da ko ƙwayar maganin ciwon kai ba na ba majiyyaci a asibiti sai na sa hannu a takarda, na miƙa muryar ubana ba ko guntuwar takarda. Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma ta yaya zan ce wa baƙon Kawu Sani ya rubuta ya sa hannu, dattijo yana zaune, bayan an yi rantsuwa? Kunya ta kama ni, na haɗiye. Abin da yake ƙona mini rai shi ne, duk waɗanda suka yi ta buga fina-finanku a bayan fage suna nan da kwafinsu. Ni da na ji maganarku na ƙi yin ko ɗaya, ni ce na tashi a tutar babu.

Na uku: jita-jita.

Alhazai sun dawo, wasu sun sake tafiya sun dawo, sun kuma sakewa. Faifai bai fito ba, kaset bai dawo ba. Abin da ya cika gari shi ne labari. A wajen suna a Manassas wata ta rantse mini cewa wani kamfani a Legas ya karɓi lasisin, har an buga bango. Wani ma'aikacin gidan rediyo a nan ya ce a'a, tashar tauraron ɗan'adam ce ta saye haƙƙin nunawa na shekaru, kuma sharaɗinta kada a fitar da faifai sam. Wani ya ce Turawan wata jami'a ne suka kwashe kaset-kaset ɗin za su adana. Wata kuma, da muryar raɗa, ta ce ba a ba kowa komai ba, magada ne ba ku daidaita ba, an kulle ɗakin ajiya an ba lauya makulli. Malam Habu da na samu a waya sau ɗaya ya ce mini ana kan magana. Da na sake kira aka ce ya bar aiki da ku, yana sayar da taya.

Akwai abokin maigidana, injiniya, mai tara tsofaffin fina-finan Amurka. Mutum ne da zai yini a intanet shi da ire-irensa suna cacar baki a kan wane kamfani zai ba wane lasisi, wane fim zai fito bana, wanne zai jira. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani da zuciya ɗaya, cewa haka harkar take ko a nan, cinikin lasisi yakan ɗauki shekaru, kuma mai yiwuwa kaset ɗinmu ya shiga jerin kayan da za a miƙa wa mai saye. Shi abin nishaɗi ne a wurinsa, har idonsa yana ƙyalli. Ni kuwa ina jin haka na yi magana a raina. Wato an sa kayanmu a tallan wasu ke nan? Da izinin wa?

Ranka ya daɗe, ban san wanne ne gaskiya cikin waɗannan labarai ba, kuma haƙƙin sanin ba nawa ba ne. Fim naku ne. Ku ba ɗan Legas, ku ba tasha, ku ba Bature, ku bar shi a ɗaki gara ta ci, ba ruwana. Ban nemi ko sisi ba, ban kuma nemi sunan Malam a bango ba, wakilinku ne ya kawo wannan zance. Amma wancan baƙin kaset mai sunan Malam Ilu da rubutun mahaifinka ba ya cikin gadonku. Kyauta ce mahaifinka ya yi yana raye, da hankalinsa, a gaban 'yan kasuwa. Abin da ya bayar ba za ku sa a lasisi ba. Aro aka ce, kuma wata uku aka ce.

Na huɗu, a taƙaice: Kawu Sani. Dattijon nan tun daga lokacin bai ƙara tako gidana ba. Idan muka haɗu a masallacin Juma'a sai ya sunkuyar da kai ya amsa gaisuwata a gurguje, kamar shi ya ɗauka. Kun sa mai furfura yana jin kunyar sa'ar 'yar cikinsa a ƙasar mutane. Shi ma kun ci amanarsa.

Ga abin da nake nema, kuma ba mai wuya ba ne.

Ku dawo mana da kaset yadda yake, ko ya yi ƙura, ko bangon ya yage. Ba sai kun biya kuɗin aike ba. Ƙanen mijina zai zo ya karɓa, kuma babu makon da ba a samun mai tahowa nan daga Kano ko Abuja.

Idan kuma yana hannun wani da kuka yi yarjejeniya da shi, har ba za ku iya karɓowa yanzu ba, to a sa shi a bidiyo, wani ya tsaya gaban talabijin da wayarsa ya ɗauko mini minti bakwai ɗin nan. Ko hoton ya yi rawa, ko ya yi duhu, in dai ana jin murya. Zan rubuta in sa hannu, wannan karon da shaidu, cewa ba zai fita daga falona ba.

Idan kuma ya ɓata, ko an ɗauki wani abu a kansa kamar yadda aka yi wa mastarku, ku ji tsoron Allah ku faɗa mini. Zan yi kuka, zan kuma yi fushi, amma zan san inda na tsaya. Shirun nan da kuke yi ya fi kowace amsa muni.

Dalilin gaggawata shi ne wannan. Tun ranar da kaset ya tafi, kullum bayan la'asar Inna takan tambaye ni ina Malam. Nakan ce mata an kai gyara. Shekara uku ina yi wa uwata ƙarya saboda ku, kowace rana sau ɗaya, wani lokaci sau uku idan ta manta na amsa. Takan yi fushi, ta ture kwano, ta ce masu gyaran nan ba su da kirki, da Malam ne da tuni ya gama. Ina lallashi, ina ɓoye magani cikin kunu, ina shiga kicin in share hawaye. Duk wannan na iya ɗauka. Amma yau mako uku ke nan ba ta tambaya ba. La'asar takan yi, ta yi sallarta a zaune, ta kalli talabijin ɗin a kashe, ta kau da kai. Jiya na kasa haƙuri na ambaci sunansa da kaina, sai ta dube ni da murmushi irin wanda ake yi wa baƙo, tana jiran in gaya mata ko wane ne. Na yi shekaru ina jinyar masu irin wannan ciwo, na san abin da ke biyo bayan wannan mataki, na kuma san ba a komawa baya. Ban sani ba ko muryarsa za ta iya isa gare ta yanzu. Ina so a gwada tun tana da kunnen ji.

Allah Ya tsare ka, Ya raya maka zuriya, Ya sa albarka a kasuwancinka, da lasisi ko babu. Allah Ya ba mahaifiyarka lafiya idan tana raye, Ya jiƙan ta idan ta riga mu. Allah kada Ya nuna maka ranar da za ka faɗa mata sunan mahaifinka ta tambaye ka wane ne.

Wassalam.

Asma'u, 'yar Malam Ilu mai gyaran agogo,
Alexandria, Virginia.