Baba Ya Kira Sunanka

Bunkure, Fabrairu 2006

Zuwa ga Yaya Alamin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Aziza da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, tumatir ya nuna, ƙaninmu Ɗalhatu ya tare a gona, ko aski ya ƙi tsayawa a yi masa.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ka san tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi bakinsa ya rufe, sai ido da nuni. Wallahi Yaya na fara fid da rai za mu sake jin muryarsa. Mutumin da ko ranar da aka sako ruwan kanal na noman rani, kowa na sallamewa ya zari takalmi ya yi gona, shi sai ya gama tasbihinsa tsaf, yau a ce ruwan sha ma ba ya iya nema.

To, makon jiya bayan la'asar, Inna tana lazimi a bayyane kusa da shimfiɗarsa. Ta kai la'ilaha illallahu wahdahu, tari ya sarƙe ta, sai muka ji wata murya a shaƙe ta ƙarasa mata, ashe Baba ne. Tun ranar, bayan kowace salla muna zama gabansa, mu fara mu yi shiru, shi ya ƙarasa. Yanzu yana kai Ayatul Kursiyyu rabi. Likita ya ce mu ci gaba, sannu ba ta hana zuwa. Sai dai da an shafa addu'a bakin yake sake ɗinkewa, ko Inna bai kira ba.

Jiya da magariba Inna tana yi mana addu'a da sunayenmu. Ka san ta, tana ciki da kai don ba ka zo ba, sai ta tsallake ka ta faɗo kaina. Baba ya buga tabarma da hannun hagu, ya yi ta kokawa da leɓɓansa har gumi ya keto masa, sannan ya faɗi sunanka. Inna ta koma ta sa ka tana kuka, wai ai gwada shi take yi. Ni dai ban yarda ba.

Ɗalhatu da Gwaggo Asta suna gaishe ku. Ka shafa mini kan yara. Ka nemi hutu ka zo, Yaya. Baba ya kira, saura ka amsa.

Ƙanwarka,
Sa'a